Daga Sabo Bakin Zuwo zuwa ciyamomin yau: Dariyar da ke cinye tambaya

Wata uku kacal Alhaji Sabo Bakin Zuwo ya yi a kujerar gwamnan Kano, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Disamban 1983, ranar da sojoji suka kifar da gwamnatin Shehu Shagari. Ya rasu a 1989. Amma har gobe, in aka ambaci sunansa a teburin mai shayi a Wudil ko a cikin motar haya mai shiga Kano, kafin a rufe baki wani ya fara murmushi. Matasan da aka haifa bayan rasuwarsa ma sun san shi, kuma yawancinsu abu ɗaya suka sani, wato labarin lemon kwalba.

Labarin dai shi ne wai an tambaye shi da Turanci irin ma'adinan da Allah Ya hore wa Kano, shi kuwa ya shiga lissafo Fanta da Coke da 'yan uwansu, saboda a Turancin Najeriya kalma ɗaya ake kiran ma'adinai da lemon kwalba da ita. Kowane mai ba da labarin da irin lemon da yake ƙarawa a jerin. Da haka aka mayar da marigayin jakar zuba barkwanci: duk katoɓarar Turancin da aka rasa mai ita, sai a rataya masa.

Masu wannan dariya sun manta da wani abu. Mutumin da suke yi wa kallon wanda bai iya magana ba, da magana ya kayar da Muhammadu Abubakar Rimi a zaɓen 1983. Rimi kuwa ba kanwar lasa ba ne. Ɗan boko ne, mai fasaha a Hausa da Turanci, wanda ya yi kusan shekara huɗu yana gwamna kafin ya bar PRP ya koma NPP. A wancan lokacin jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, Malam Aminu Kano ya rasu a watan Afrilun shekarar, ana ta jan zaren wane ne magajin aƙidarsa. Bakin Zuwo, wanda sai da ya girma ya shiga ajin yaƙi da jahilci, ya kuma yi sanata tun daga 1979, ya tsaya a ɓangaren Taɓo ya riƙe rediyo gam. Da Hausar kasuwa yake magana, Hausar da manomi a Lajawa da mai jan shanu a karar Wudil suke jin ta tasu ce. Wanda ya yi wa Turancinsa dariya ba shi ne mai kaɗa ƙuri'a a Kano ba, kuma ya san da haka.

To me ya yi a wata ukun? Abu biyu sun isa misali. Ya rushe sababbin masarautun da Rimi ya ƙirƙiro, ya mayar da ƙasar ƙarƙashin Sarkin Kano Ado Bayero, kuma wannan hukunci ya zauna shekara 36, sai a 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta sake raba masarautar. Mutanen Wudil, garin Makaman Kano, sun san nauyin irin wannan hukunci fiye da kowa, domin a rabon 2019 an wayi gari an ce suna ƙarƙashin Gaya, a 2024 kuma aka soke dokar. Na biyu, ya rufe gidan siliman Palace da ke Jakara ya mayar da shi asibiti, kuma har yau akwai asibitin haihuwa a unguwar da ke ɗauke da sunansa. Ko mutum ya yarda da waɗannan matakai ko bai yarda ba, su ne abin muhawara a kan mulkinsa. Sai dai da wuya a ji ana yin ta.

Akwai kuma na uku, wanda ya fi su nauyi. Bayan juyin mulki, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta sanar cewa an samu tsabar kuɗi naira miliyan 3.4 a gidansa. Wannan a lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja a farashin hukuma. Kotun soja ta ɗaure shi, sai a zamanin Janar Ibrahim Babangida ya fito. Amma yau in aka tayar da zancen, abin da ake tunawa shi ne amsar da ake jingina masa, wai kuɗin gwamnati a gidan gwamnati mene ne abin laifi. Sai a bushe da dariya, a tafa, a wuce. Daga ina kuɗin suka fito, na wane aiki ne, wace makaranta ko wane asibiti ya rasa su, ko kuwa shari'ar da sojoji suka yi masa ta adalci ce, duk dariyar ta haɗiye.

A nan matsalar take. Dariyar ta zalunce shi, don ta shafe ƙwarewarsa da ayyukansa ta bar masa lemon kwalba. Ta kuma zalunci Kanawa, don ta sauƙaƙa masa tambayar da ya kamata tarihi ya ci gaba da yi masa. Shugaban da aka mayar abin dariya ya sami mafaka, domin ba a tsare mai ban dariya da lissafi.

Kada kuma a ɗauka cutar ta marasa Turanci ce. Boris Johnson, magajin garin Landan daga 2008 zuwa 2016, makarantar Eton da jami'ar Oxford ya yi, har Latin da Girkanci ya karanta. Shi ma da raha ya riƙe birninsa: gashi a hargitse, magana cike da shaguɓe, ga hoton nan na 2012 lokacin wasannin Olamfik da ya maƙale a kan igiya yana lilo riƙe da tutoci biyu, jama'a na ta dariya. A zamaninsa ne aka tallata gina wata gadar lambu a kan kogin Thames. An watsar da aikin a 2017 bayan an kashe fam miliyan 53, kusan miliyan 43 daga ciki kuɗin jama'a ne, kuma ko ginshiƙi ɗaya ba a kafa a ruwa ba. Duk da haka ya zama firaminista a 2019. Ɗaya ana yi masa dariya don Turancinsa ya gaza, ɗaya ana dariya tare da shi don Turancinsa ya yi yawa, amma a duka biyun bakin shugaba ne ya tsaya tsakanin jama'a da littafin kuɗi.

Abin da ya sa wannan tsohon labari ya shafi Wudil ta yau shi ne, abin da a da sai mai kujerar gwamna ko sanata yake iya yi da rediyo, yanzu kowane ciyaman na ƙaramar hukuma yana yin sa da waya. Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka yawaita a Kano, bayan buɗe Freedom a 2003, siyasar jihar ta koma ta baki, har ta haifar da sana'a mai suna sojojin baka. Sai ga Facebook da TikTok sun zo sun ƙara mata gishiri. Yau ciyaman yana da mai ɗaukar hoto, da mai yanka bidiyo, da tawagar masu yabo a ƙarƙashin kowane rubutu. Abokan hamayya su ma suna da nasu masu jiran ya yi tuntuɓen harshe, su yanke daƙiƙa goma sha biyar su watsa. Ɓangare ɗaya ya ce ga jarumi mai faɗar gaskiya komai ɗacinta, ɗaya ɓangaren ya ce ga wanda bai iya haɗa jimla ba. Mako guda a yi ta kai-komo a kan wace kalma ya furta a wajen rabon babura, babu mai tambayar da wane kuɗi aka sayi baburan.

Ga shi kuwa yanzu ne tambayar ta fi kowane lokaci muhimmanci. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai-tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta shugabancin riƙo. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa, amma ya sauya magana: uzurin nan na kullum, cewa kuɗin suna hannun jiha, ya zama abin da ciyaman zai yi wa bayani da bakinsa, nawa aka turo, nawa ya shigo hannunsa, nawa aka riƙe. A zaɓen 26 ga Oktoban 2024 jam'iyyar NNPP ce ta lashe kujerun ciyaman 44 gaba ɗaya, kamar yadda APC ta lashe su gaba ɗaya a 2021 lokacin tana riƙe da jihar. Wannan al'ada ce da kowace gwamnati take suka in tana adawa, ta kuma rungume ta in ta hau. Illarta ita ce a zauren kansiloli babu ɗan adawa ko ɗaya da zai miƙe ya ce a kawo takarda. In ba jama'a da 'yan jarida suka tambaya ba, babu mai tambaya.

Wudil kuwa ba ƙaramar hukumar da za ta ce ba ta da abin lissafi ba ce. Kasuwarta ta Juma'a tana cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa, ana loda tireloli daga kararta zuwa Kudu. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ta, ga gada, ga kogi da masu su da masu ɗibar yashi, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, ga makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kwashe shara da maƙabartu da rajistar haihuwa da mutuwa, ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Duk dillalin da ya karɓi rasit a kara, duk direban da ya biya kuɗin tasha, yana da haƙƙin jin jimillar abin da aka tara da inda aka kai shi. Mai jego a Utai ko Indabo ba ruwanta da ko ciyaman ya iya karanta jawabi da Turanci. Abin da ya dame ta shi ne ko za ta tarar da ungozoma a asibitin mazaɓarta in naƙuda ta kama ta da tsakar dare.

Wannan ba yana nufin harshen shugaba ba shi da muhimmanci ba. Yana da shi ƙwarai. Shugaban da ke zagin abokin hamayya a bainar jama'a, ko yake ce wa matasa a ci zaɓe ta kowace hanya, ya kunna wutar da ba shi zai ƙone a ciki ba, kuma Kano ta sha ganin yadda kalamin dandali yake komawa sara-suka a lungu. Irin wannan magana ta cancanci suka mai zafi, har da hukunci in ta kai ga tunzuri. Amma tuntuɓen nahawu daban, tunzura jama'a daban, ƙin amsa tambaya kuma daban. Kuskuren da ake yi shi ne a ƙarar da ƙarfi a kan na farko, wanda ba ya cutar da kowa, a ɗaga wa na biyu ƙafa in mai yin sa ɗan gida ne, na uku kuwa ko lura da shi ba a yi. Ciyaman mai daɗin baki da zai yi awa guda a rediyo bai ambaci adadi ko ɗaya ba, ya fi mai in-ina da ya zo da takardar kasafi haɗari.

Shi ya sa matakin da gwamnatin Kano ta sanar a watan Mayun 2025 na hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye a kafafen yaɗa labarai bai taɓa tushen ciwon ba. Gaskiya ne ana cin mutunci a irin waɗannan shirye-shirye. Sai dai shirin kai-tsaye shi ne kusan wuri ɗaya tilo da talaka zai bugo waya daga Darki ya yi wa mai mulki tambayar da ba a shirya masa amsarta ba. In aka toshe wannan ƙofa, abin da ya rage shi ne bidiyon da ofishin shugaba ya tace da kansa, da kiɗa a ƙarƙashi.

Abin da ya dace a nema daga duk wanda ke kan kujerar ciyaman a Wudil, da sauran takwarorinsa 43, ba mai wahala ba ne. Duk wata uku ya zauna a harabar sakatariya ko a gidan rediyo, da Hausa, ya faɗi kason da ya shigo daga asusun tarayya, da abin da aka tara a kasuwa da tasha, da abin da albashi ya ci, da ayyukan da aka bayar da sunayen 'yan kwangilar. A liƙa kwafin a allon sakatariya da ofishin kowace mazaɓa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa rabon asusun tarayya wata-wata, don haka ɗalibin jami'a da ke da waya a hannu zai iya gwada abin da ciyaman ya faɗa da abin da Abuja ta rubuta. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma tana nan ga ƙungiyoyin ci gaban gari da ke son rubuta takarda su nemi bayani a hukumance.

Su kuma masu gabatar da shirye-shirye da masu riƙe da shafukan sada zumunta na Wudil, in ciyaman ya zo hira, su bar shi ya yi barkwancinsa, ya yi kirarin ubangidansa, ya yi tuntuɓen da zai yi. In ya gama, a tambaye shi nawa aka tara a kara ranar Juma'ar da ta wuce, kuma kada a tafi hutun talla sai ya faɗi adadi.