Sharhi: Fim Ɗin Yunwa a Garin Dawa



A shekarar 2008 wata marubuciya Ba'amurkiya, Suzanne Collins, ta fitar da littafin matasa mai suna The Hunger Games, aka mayar da shi fim a 2012. Labarin wata ƙasa ce mai gundumomi 12, inda masu mulki ke karɓar namiji da mace daga kowace gunduma duk shekara, yara 24, a zuba su a fili su kashe juna, jama'a na kallo a talabijin. Gunduma ta 11 ita ke noma abincin ƙasar, mutanenta kuwa da yunwa suke kwana.

Ɗan Gadarif ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan. Nan ne rumbun dawa da riɗin Sudan, amma lebura mai yanka riɗi ya san rabonsa a cikin buhun. A 2020 sansanin Um Rakuba ya fara karɓar masu gudun yaƙin Tigray. Sai namu yaƙin ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, makarantunmu suka koma masaukin 'yan gudun hijira. Abin da marubuciyar ta ƙaga, yaranmu da idonsu suka gani.

Damuwata tana ga abin da fim ke yi wa littafi. A littafin, jarumar labarin, Katniss, ce ke ba da labari da bakinta, mai karatu na jin tsoronta da nadamar kowane ran da ta ɗauka. Ƙanwarta Prim, wadda Katniss ta shiga filin dominta, ta mutu a littafin ƙarshe na jerin, Katniss kuma ta koma gida da raunin zuciya. Kyamara ba ta iya shiga zuciya haka. Abin da ke zama a idon yaro shi ne kwari da baka, da kiɗa, da tafi. A ƙasar da ake yaudarar samari su ɗauki bindiga, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Amma fim na iya riƙe amanar labari, kuma Sudan ta nuna haka. Amjad Abu Alala ya ɗauki gajeren labarin Hammur Ziyada ya yi fim kan Muzammil, yaron ƙauye a Jazira da wani shehi ya ce zai mutu yana ɗan shekara 20. Ba harbi a ciki, sai yadda tsoro ke cinye ƙuruciya. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice a 2019.

Iyaye da malamai, idan kun ga yaro yana kallon The Hunger Games a waya, kada ku ƙwace wayar kawai. Ku zauna ku kalla tare, ku tambayi yaron wa ya ci ribar kashe-kashen. Ku kuma matasa, masu Hausa da masu Larabci, ku ɗauki alƙalami ku rubuta abin da kuka gani a hanyar Madani zuwa Gadarif, tun ba a rubuta muku shi daga waje ba.