KAFIN KA SAYI GIDA, KA SAYI ILIMINSA

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, wata irin rububi ta shigo garuruwanmu. A Abuja da Kaduna da Kano rukunin gidaje na ta tashi, kuma ma'aikaci da ɗan kasuwa kowa burinsa ya mallaki fulat a bene. Neman muhalli ba laifi ba ne, hasali ma wajibi ne a kan magidanci ya tanadar wa iyalinsa wurin zama. Abin takaici shi ne yadda ake zaɓen. Mutum zai yi wata shida yana yawo da dillalai yana duba tayil da fenti da faɗin falo, amma ba zai zauna sa'a ɗaya gaban malami ya tambayi hukuncin cinikin da zai ƙulla ba, alhali malamai sun haɗu a kan cewa bai halatta ga baligi ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa.

Tambaya ta farko ita ce: da wane kuɗi? Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokar 1992 ta kafa, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, sannan ya ba shi rance da ruwa kashi 6 cikin ɗari, har tsawon shekara 30. Ana yabon wannan da cewa sauƙi ne, domin ruwan bankunan kasuwanci ya haura kashi 20 a 2024. To, mu yi lissafi. Wanda ya ranci Naira miliyan 10 a kan kashi 6 na shekara 30 zai riƙa biyan kusan Naira dubu 60 kowane wata, kuma kafin ya gama ya biya sama da miliyan 21 da rabi. Ke nan ya sayi gida ɗaya da kuɗin gida biyu. Ko da ma ƙarin Naira ɗaya ne, sunansa riba, kuma ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara, daga ta 275 zuwa ta 279, ba su bar wa kowa mafaka ba, har suka yi shelar yaƙi ga wanda ya ƙi bari. Wane mai hankali ne zai kwantar da 'ya'yansa a ƙarƙashin rufin da aka ɗora a kan wannan shela?

Masu neman kafa za su ce lalura ce, su kawo fatawar da Majalisar Fatawa ta Turai ta bayar a 1999. Amsarsu ta fuska uku ce. Na ɗaya, an yi fatawar ne domin Musulmi tsiraru mazauna ƙasashen Turai waɗanda ba su da wata hanya, kuma duk da haka manyan malamai da yawa sun yi mata raddi. Na biyu, Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke Jidda ta riga ta yanke tun 1990 cewa rancen gida da ruwa haramun ne, yawan ruwan ko ƙarancinsa, ta kuma nuna hanyoyin halal. Na uku, lalura a shari'a ita ce abin da idan aka rasa shi za a halaka ko a kusa halaka. Wanda yake zaune a gidan haya, ruwan sama bai dukansa, ba ya cikin lalura. Sha'awa ce ta a ce wane ya sayi gida, aka sanya mata rawanin fiƙihu.

Kuma hanyoyin halal ba a littafi kaɗai suke ba. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, duka a kan tsarin da ba ruwa. Akwai murabaha, inda banki zai mallaki gidan tukuna ya sayar maka da farashi sananne wanda ba ya ƙaruwa. Akwai ijara mai ƙarewa da mallaka. Akwai tarayya mai raguwa, inda kake sayen rabon banki kaɗan-kaɗan. Sai dai a kula, suna ba ya halatta ciniki. Ka karanta yarjejeniyar, ka tambaya ko bankin ya mallaki gidan kafin ya sayar, ka tambaya ina tarar jinkirin biya take tafiya. Ga kuma tsohuwar hanyar iyayenmu: adashi, da haƙuri, da saye daidai ƙarfi.

Tambaya ta biyu: me kake saye? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma sayar da gida mai takardar mallaka yana bukatar amincewarsa. Wanda bai je ofishin filaye ya bincika ba, yana iya sayen gidan da ke jingine a banki, ko gidan gado da ba a raba ba mai haƙƙin marayu a ciki. Wasu kuma hoto ake nuna musu na benen da ba a haƙa harsashinsa ba. Shari'a ta yarda da cinikin istisna'i, wato a ba da aikin gini, amma da sharaɗin a fayyace siffa da girma da kayan aiki da lokaci. In babu wannan, gharari ne. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021, ya kashe mutum sama da 40, ya isa wa'azi ga mai sayen gini da ido. Ka kai injiniya ya duba, ka koma unguwar da damina ka ga inda ruwa yake kwana. Kai kuma dillali, ka ji tsoron Allah: ɓoye aibi ha'inci ne, la'adar da ka ci a kansa ba ta da albarka, kuma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan aibin ya bayyana.

Tambaya ta uku: da wa za ka zauna? A fulat, rufinka daɓen wani ne, matakala ɗaya, tankin ruwa ɗaya. Magabata ba su bar wannan ba. Risalar Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bayyana cewa gyaran hawan ƙasa yana kan mai shi, har a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara, ta kuma hana buɗe tagar da za ta leƙa maƙwabci. Saboda haka ka duba suturar iyalinka, ka duba nisan masallaci da makarantar yara, ka san halin maƙwabta kafin ka ba da kafin alƙalami.

Abin mamaki, wanda ya tsallake waɗannan tambayoyi uku shi ne za ka gani ranar tarewa ya ɗauko ɗan tsibbu a binne laya a bakin ƙofa, ko a yanka dabba domin aljanun gida, wal'iyazu billahi. Ya shiga da riba, ya rufe da shirka, sannan yana neman albarka! Abin da Sunna ta koyar shi ne istihara da shawara kafin saye, da ambaton Allah da karatun Alƙur'ani a cikin gida.

Ɗaki biyu na halal ya fi bene na haram. Allah Ya azurta mu da muhalli mai albarka a nan, Ya gina mana gida a Aljanna.