Ƙashi Ba Ya Tsirowa Cikin Mako Biyu

Kwanan baya gardama ta kaure a ɗakin kwananmu a kan hoton wani jariri da aka ɗaura wa ƙarafa a muƙamuƙi. Wani abokinmu mai karatun tattalin arziki ya ce wannan aikin masu ƙoshi ne, ƙasar da zazzaɓin cizon sauro ke kashe wa yara ba ta da kuɗin gyaran fuska. Wani kuma ya ce taɓa halittar Ubangiji ne. Ban yarda da ko ɗayansu ba, ga kuwa dalilina.

Kowane mai ɗori ya san idan ƙashi ya karye, jiki kan zuba wani ɗanyen ƙashi mai taushi a tsakani, wanda daga baya yake yin ƙwari. Wani likitan Tarayyar Sobiyat, Gavriil Ilizarov, da ya yi aiki a garin Kurgan can wajen Saberiya, ya nuna tun cikin shekarun 1950 cewa in aka yanke ƙashi da gangan, aka dakata kamar mako guda, sa'an nan aka riƙa jan ɓangarorin suna rabuwa da milimita ɗaya tak kowace rana, to ɗanyen ƙashin nan zai yi ta bin gurbin yana cike shi. In aka yi gaggawa ƙashin ba zai haɗu ba. In aka yi nawa sai ya haɗe tun ba a kai tsawon da ake so ba. Manyan likitocin Mosko sun daɗe ba su ɗauke shi a bakin komai ba, sai da ya yi wa Valeriy Brumel, zakaran tsalle na wasannin Olamfik, aiki a ƙafa a 1968.

Shi Ilizarov ƙafa da hannu ya sa a gaba. A 1992, shekarar da ya mutu, Joseph McCarthy da abokan aikinsa a birnin New York suka ba da rahoton yara huɗu da suka ƙara wa tsawon muƙamuƙi ta wannan hanya. Daga nan aka kai ta ga ƙasusuwan tsakiyar fuska da ƙoƙon kai.

To, su wa ake yi wa? Akwai jaririn da aka haifa da ƙanƙanen muƙamuƙi, har harshensa na komawa baya ya toshe maƙogwaro, ba numfashi sosai, ba shan nono. Akwai wanda mahaɗan ƙasusuwan kansa suka liƙe tun kafin lokaci, ƙwaƙwalwa na girma ba wurin da za ta buɗa. Akwai wanda tsakiyar fuskarsa ta lotsa, idanu suka turo waje har fatar ido ba ta rufe su. Wanda ya kira maganin waɗannan kwalliya bai taɓa kwana da yaron da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci ba. Game da batun addini kuwa, malamai sun daɗe da bambanta magani da ado, suna kafa hujja da sahabin nan Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (S.A.W.) ya umarce shi ya sa na zinariya.

Amma abin da ya fi damuna lissafin kwanaki ne. A ce milimita 20 ake so a ƙara. Mako guda na jira, kwana 20 na ja, sa'an nan a bar ƙarfen a wurin mako 6 zuwa 12 har sabon ƙashi ya yi ƙwari, kana a cire shi. Watau wata biyu zuwa huɗu ke nan. Kuma galibi ba likita ke murɗa notin ba, uwar yaron ce ko ubansa, safe da yamma. Ita za ta wanke bakin kusoshin don kada su yi ruwa, ita za ta kai shi a ɗauki hoton ƙashi a ga ko jan yana tafiya daidai. In an kauce, muƙamuƙi ya karkace, haƙora su ƙi haɗuwa. Aikin yana da haɗarinsa, ban ɓoye ba: tabo, taɓuwar jijiya, lalacewar haƙoran da ba su fito ba tukuna.

Saboda haka dabarun nan biyu da muka saba da su ba su isa ba a nan. Ta farko ita ce a tara kuɗi a fitar da majiyyaci Indiya ko Masar. Wane manomi ne zai bar gonarsa wata uku ya zauna a baƙon gari, in ya dawo kuma ƙarfe ya goce, wa zai nuna wa? Ta biyu ita ce baƙin likitocin fiɗa masu zuwa su yi 'yan makonni su koma. Sun yi aikin alheri ƙwarai, musamman a asibitin masu cutar noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Amma aikin da ya dogara ga dubawa mako bayan mako, lalle sai likitan da ke zaune a garin.

Abokina mai tattalin arziki yana da gaskiya ta wani fanni: ƙarafan suna da tsada, rigakafi kuma shi ne gaba. Sai dai ba a ce kowane asibiti ya yi ba. Muna da asibitocin koyarwa a Zariya, Kano, Sakkwato da Maiduguri, ga Asibitin Ƙashi na Dala. Ɗaya ko biyu daga cikinsu sun isa su zama cibiyar da dukan Arewa, har da maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, za su riƙa dosa.

Ku 'yan'uwa da kuka riga mu shiga ofis, wata rana fayil ɗin zai zo teburinku. Kada ku tsaya ga kuɗin ƙarfe kaɗai. Ku duba ko an sa kuɗin horar da likitan fiɗar fuska da mai ba jarirai maganin barci, da nas ɗin da za ta koya wa iyaye murɗa noti da Hausa, da masauki kusa da asibiti inda uwar da ta fito daga ƙauye za ta zauna da ɗanta har ranar cire ƙarfen.