Araha Ba Ta Ado: A Riƙa Lura Da Masauki Kafin Shiga Jirgin Ruwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in jawo hankalin 'yan'uwana ƙananan 'yan kasuwa da mutanenmu na karkara a kan wani abu da muke rainawa, alhali kuwa shi ne yakan gyara tafiya ko ya ɓata ta. Abin nan shi ne masauki, musamman na kwana ɗaya ko biyu da mutum zai yi a wani birni kafin ya shiga jirgin ruwa. Ba labari aka ba ni ba, a kaina abin ya faru.

Ni ɗan tireda ne, dogayen riguna da hijabai nake sayarwa. A watan Disamba na 2022 na je Alƙahira sarin kaya, na tafi da uwargidana don ta ga ɗanmu da ke karatu a Jami'ar Azhar. Da yayyensa suka ji, sai suka haɗa kuɗi suka biya mana tafiyar kwana 4 a jirgin ruwa na yawon buɗe ido a Kogin Nilu, daga garin Luksor zuwa Aswan, suka ce mu ma mu huta ko sau ɗaya a rayuwa. Ga wanda bai taɓa gani ba, irin wannan jirgi otal ne sukutum a kan ruwa, bene hawa huɗu ko biyar, da ɗakunan kwana da ɗakin cin abinci. Kuɗin da aka biya ya haɗa da kwana, da abinci sau uku a rana, da ɗan jagora, da motar da za ta riƙa kai ku wuraren tarihi. Tun kafin a shiga ake biya, kuma abin da ka makara ka rasa, babu mai mayar maka da ko sisi.

Sai na ɗan bayyana yadda garin yake kafin a gane wautar da na yi. Luksor na kudu da Alƙahira, tafiyar fiye da kilomita 650, wajen awa 10 a jirgin ƙasa. Kogin Nilu ya raba wurin gida biyu. A gaɓar gabas ainihin gari yake: tashar jirgin ƙasa, kasuwa, manyan otal-otal, da tsoffin gine-ginen Karnak, kuma a wannan ɓangare akasarin jiragen yawo suke tsayawa. A gaɓar yamma akwai ƙauyuka da gonakin rake da duwatsun da aka binne fir'aunoni, inda aka gano kabarin Tutankhamun a 1922. Mai son ƙetarawa sai ya shiga jirgin fito ko ya yi shatar kwale-kwale mai inji, in kuwa a mota ne sai ya yi dogon zagaye ya bi ta gada a wajen gari.

Ranar Litinin da tsakar rana aka ce mu shiga jirgi, saboda haka muka hau jirgin ƙasa na dare muka sauka Luksor ranar Lahadi da safe. Nan dai mun yi daidai. Tun muna Alƙahira yaron nan ya nuna mini wani otal a wayarsa, kusa da tasha, ya ce, "Baba, mu kama wannan tun yanzu." Da na ji kuɗin sai na ce masa, "Kai, bari! Kwana ɗaya tak? Ai ko a kan tabarma ma kwana. Bari mu isa, masauki ba ya wuya." Ya yi shiru, don ba ya musu da ni.

Muna fitowa daga tasha 'yan kamasho suka yi mana caa. Wani mai fara'a ya karɓi jakar Hajiya, ya ce yana da ɗaki mai kallon kogi, rabin kuɗin wancan, kuma "minti biyar zuwa jirginku". Ban tambaye shi wane jirgi ba, shi ma bai tambaye ni sunan namu ba. Da na yi tunani, nan ya kamata in farga. Amma rabin kuɗi ya toshe mini kunne.

Muka bi shi har bakin kogi, sai ga mu cikin jirgin fito. Muka ƙetare, muka hau a-daidaita-sahu, muka ratsa gonaki, sannan muka iso. Tsakani da Allah gidan tsaf yake, kuma ana hango kogin kamar yadda ya faɗa. Sai dai ɗakin yana hawa na huɗu, babu na'urar hawa bene, ga Hajiya da ciwon gwiwa na shekara da shekaru. Ta dubi matakalar, ta dube ni, ta ce, "Alhaji, nan za mu hau?" Na ce ta daure, kwana ɗaya ne. Ta hau tana hutawa a kowane hawa. Da dare sanyi ya sauko, don kada a ji Masar a zaci kullum zafi ne, a watan Disamba daren Luksor kamar tsakiyar hunturu yake. Ruwan zafi kuma ya ƙi zuwa. Da asuba gwiwar nan ta kumbura suntum.

Wahalar gaske sai da gari ya waye. Fasfo ɗinmu da aka karɓa jiya don rubuta sunayenmu yana cikin aljihun tebur a kulle, mai makullin kuma ya shiga gari. Muka zauna jiransa har azahar ta kusa. Da muka karɓa muka sauko da Hajiya da ƙyar, muka koma bakin kogi da kaya niƙi-niƙi, muka ƙetare. Muna isa muka ga jirage jere, muka yi ta karanta sunaye, babu namu. Sai da yaron ya buga waya aka ce ai namu ba a tsakiyar gari yake tsayawa ba, yana wata matsaya can kudu, sai an shiga mota. Mai tasi ya ga mun ƙagu, ya yanka mana kuɗin da ya ga dama. Da muka isa, ashe saboda yawan jiragen, gefe da gefe ake ɗaure su, namu shi ne na huɗu daga gaɓa, sai mun ratsa ta cikin jirage uku kafin mu kai gare shi.

La'asar ta yi kafin mu sa ƙafa a ciki. An ci abincin rana an kwashe, motar Karnak ta tafi da sauran fasinjoji da ɗan jagora. Abin da ya cece mu kawai shi ne jirgin a Luksor ya kwana daren farko, sai washegari ya tashi. Amma Hajiya ta yi kwana biyu a ɗaki da ƙafa a kan matashi. Ta taga ta ga yadda aka wuce da jirginmu ta ƙofar madatsar ruwa ta Esna, da muka tsaya a Edfu kuma ba ta iya sauka ba. Sai a Kom Ombo ta fara takawa. Da na zauna na yi lissafin kuɗin fito, da a-daidaita-sahu, da tasi, da 'yan dako, da magani, sai na tarar sun zarce abin da na ce na rage. Ban ma sa kuɗin yinin da yaranmu suka biya muka yi asararsa ba. Abin da ya fi ci mini rai, har muka dawo gida baiwar Allah nan ba ta ce mini uffan ba.

Edita, na daɗe ina tunanin abin da ya sa ni, da na shekara talatin ina fatauci, na faɗa wannan rami. Abin da na gano shi ne sabo. Mu Hausawa mun gaji fatoma. Tun zamanin da kakanninmu ke zuwa Gwanja sayen goro, bafatake ba ya neman masauki da kansa. In ka sauka Zangon Kumasi, ko Sabo ta Ibadan, ko Shagamu, akwai maigidan da zai ba ka ɗaki, ya adana maka kaya da kuɗi, ya haɗa ka da dillali, ya gaya maka ranar da mota ke tashi. Ko a Alƙahira ɗalibanmu suna yi mana wannan hidima. Fatoma yana tsoron sunansa ya ɓaci, don ya san baɗi za ka dawo, kuma labari zai kai gida. Ɗan kamashon bakin tasha kuwa ya san daga yau ba zai sake ganinka ba, la'adarsa kawai yake nema. Kuskurena shi ne na ɗauki ɗan kamasho a matsayin fatoma. Inda babu zango, dole mutum ya zama fatoman kansa.

Don haka ga shawarata. Na farko, kafin ka nemi otal, nemi jirgi. Ka sa wanda ya sayar maka da tikiti ya rubuta maka sunan jirgin, da ainihin wurin da yake tsayawa, da ƙarfe nawa ake shiga, da lambar wayar wani da ke cikinsa. Sannan ka nemi masauki a ɓangaren da jirgin yake, inda mota ɗaya za ta ɗauke ka daga ƙofa ta sauke ka a bakinsa. Kada ka yarda kogi, ko gada, ko cunkoson tsakiyar gari ya shiga tsakaninka da jirginka a safiyar tafiya. Kuma duk wanda ya ce maka "minti biyar ne", tambaye shi: a ƙafa ko a mota, da kaya ko hannu sake?

Na biyu, ka zaɓi ɗaki da ƙafar wanda ya fi rauni a cikinku, ba da taka ba. In da tsoho, ko mai juna biyu, ko mai ciwon gwiwa, tambayi hawa na nawa ne, kuma na'urar hawa benen tana aiki ko ado ce. Lokacin sanyi a tambayi ruwan zafi. Lokacin zafi, da Luksor da Aswan kan wuce digiri 40, a tambayi na'urar sanyaya ɗaki. Ka hau ka ga ɗakin da idonka, ka murɗa famfo, kafin ka fito da kuɗi. Hoton waya ba ya nuna matakala.

Na uku, fasfo. Otal yana da hujjar ganinsa ya rubuta bayananka, amma ka tsaya a wurin a gama a miƙo maka abinka, ko ka ba su hoton takardar da ka riga ka tanada. Kada ya kwana a hannun kowa. Ka biya kuɗin ɗaki tun da dare, ka karɓi rasit, ka yi ciniki da mai mota tun jiya, don mai gaggawa ba ya iya taya kaya. Ka kuma tambayi lokacin da ake sakin ɗaki, yawanci ƙarfe 12 na rana ne, da ko za su ajiye maka kaya in akwai sauran lokaci.

Na huɗu, ka isa garin aƙalla kwana ɗaya kafin ranar shiga. Jirgin Nilu yakan yi sassauci, amma manyan jiragen teku, irin waɗanda suka fara ɗaukar masu yawon buɗe ido daga Jidda a 2021, in lokaci ya yi janye tsani suke yi su tafi. Ko kana hango su daga bakin gaɓa ba za su juyo ba, kuɗinka kuma ya bi ruwa.

A fahimce ni, ban ce gaɓar yamma ba ta da kyau ba, ban kuma ce sai otal mai tsada ba. Wanda zai yi mako guda a Luksor yana yawo a natse, can ya fi masa, ga sauƙi ga shiru. A gaɓar gabas ɗin ma akwai ƙananan otal-otal daidai aljihun talaka. Magana ita ce masaukin kwana ɗaya aikinsa ɗaya ne: ya kwanar da kai lafiya, ya sallame ka da wuri. Kallon kogi ba ya cikin lissafi, tunda kwana huɗu za ka yi a kan kogin.

Na san wani zai ce, "Wannan ai zancen masu hannu da shuni ne, mu ina mu ina jirgin shaƙatawa?" To ɗan'uwa, ni ma da haka nake cewa, sai ga shi 'ya'ya sun kai ni. Kuma ka cire jirgin ruwa ka sa jirgin sama na Umara, ko motar asuba da za ka shiga daga Legas bayan ka gama sari, maganar ba ta sauya ba. Nawa ne daga cikinmu suka kwana a gidan ɗan'uwa can ƙarshen gari don gudun kuɗin ɗaki, da safe cunkoso ya riƙe su, abin hawa ya tafi ya bar su? Wani kuma zai ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. Haka ne, na yi imani da wannan. Amma Allah bai hana ni yin tambaya a bakin tasha ba, rowata ce ta hana ni, kuma matambayi ba ya ɓata.

Daga ƙarshe ina kira ga masu kamfanonin shirya tafiye-tafiye da su ji tsoron Allah su riƙa yi wa mutanenmu cikakken bayani a rubuce, da Hausa ko da ajami in ta kama, ba su karɓi kuɗi su miƙa tikiti kawai ba. Ina kuma kira ga iyaye irina: in yaro ya fi ka sanin gari, saurare shi, ba raini ba ne. Ɗana ya gaya mini gaskiya tun a Alƙahira na ƙi ji, mahaifiyarsa ce ta biya da gwiwarta. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, ya ƙara wa wannan jarida ɗaukaka, amin.

Naku,
Wani ɗan tireda mai karanta jaridarku,
daga Malumfashi, Jihar Katsina.