Walet ɗin Kirifto a Gidajenmu: Amana, Gado da Zakka

A watan Afrilun 2025 dubban 'yan Najeriya suka wayi gari manhajar CBEX ta hana su cire kuɗinsu. Masu ita sun yi wa jama'a alkawarin ninka jari cikin kwana 30, suna cewa wata na'ura ce mai basira take yi musu cinikin kirifto. Da abin ya rushe, fusatattun mutane suka fasa ofishinsu a Ibadan, hukumar EFCC ta shiga bincike, jaridu kuma suka riƙa ambaton asarar da ta kai naira tiriliyan 1.3. Duk wanda ya tuna yadda MMM ta kulle asusun mutane a Disambar 2016 ya san tsohon tarko ne aka sake ɗanawa da sabon abinci.

Wannan rushewa ba ta sa mutane sun bar kirifto ba. A gidajenmu da yawa akwai matashin da yake da walet a wayarsa, sau da yawa ba da sanin iyayensa ba. Mun ga yadda a 2024 ɗalibai da matan aure da 'yan kasuwa suka duƙufa danna waya a Notcoin da Hamster Kombat da ire-irensu, kowa yana jiran ranar da mainin zai fashe. Tunda abin ya shigo gida, wajibi ne mu san yadda yake aiki da abin da shari'a ta ɗora wa mai riƙe da shi.

Abin da ya kai mutane gare shi

Kwaɗayi yana cikin dalilan, amma akwai larura ta gaskiya. Bayan an saki naira a kasuwar canji a Yunin 2023, dalar da ake sayarwa kusan naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. Magidancin da ya tara kuɗin aikin Hajji ko na aurar da 'ya ya ga ajiyarsa tana narkewa a hannunsa. Shi ya sa wasu suka koma sayen USDT, wani kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka. Mai sayo kaya daga Sin yana biyan abokin cinikinsa da shi, matashin da yake yi wa kamfanin waje aiki ta intanet yana karɓar ladansa da shi, ɗan uwa da ke ƙetare yana aiko da na cefane ta hanyarsa cikin mintuna kaɗan.

Matsayin hukuma ma ya yi ta sauyawa. A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya umarci bankuna su rufe asusun masu hulɗa da kirifto, a Disambar 2023 ya janye umarnin. A farkon 2024 gwamnati ta tsare jami'an Binance biyu, kamfanin kuma ya dakatar da hada-hadar naira a watan Maris. A 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa kadarorin dijital ƙarƙashin hukumar SEC, ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu shirya damfarar ninka kuɗi. Doka ta san da kirifto yanzu. Sai dai inshorar NDIC, wadda take kare ajiyar banki har naira miliyan 5, ba ta shafi abin da ke cikin walet ba.

Me ke cikin walet?

Sunan yana ruɗar mutane, domin walet ba lalita ba ce da kuɗi suke kwance a ciki. Kuɗin suna rubuce ne a wani kundi na bai ɗaya da dubban kwamfutoci suke riƙe da kwafinsa. Abin da walet yake ajiyewa shi ne mabuɗin sirri da ake sa hannu da shi a motsa kuɗin. Wannan mabuɗi yakan zo a siffar kalmomi 12 ko 24 da ake nuna wa mutum ranar da ya buɗe walet. Wanda ya mallaki kalmomin nan ya mallaki dukiyar, ko da yana wata nahiya. Wanda ya ɓatar da su kuma wayarsa ta lalace, babu manajan da zai kai wa kuka. Haka nan idan aka tura kuɗi zuwa adireshin da ba daidai ba, ko ta layin da bai dace ba, galibi ba a iya dawo da su.

Walet iri biyu ne. Akwai wanda mutum yake riƙe mabuɗinsa da kansa, akwai kuma asusun da yake buɗewa a kamfanin musaya, inda mabuɗin yake hannun kamfanin, shi kuma lamba kawai yake gani a fuskar waya. Ɗaliban fiƙihu za su gane bambancin nan da sauri. A Risala da Muhtasar mun karanta cewa wadi'a amana ce: wanda aka ba ajiya ba ya juya ta, kuma ba ya biya idan ta salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Idan kuwa ya juya ta, ta koma bashi a wuyansa. Kamfanin FTX, wanda a lokacin yake cikin mafi girma a duniya, ya karɓi kuɗin mutane da sunan ajiya ya juya su a ɓoye, ya durƙushe a Nuwambar 2022, aka yanke wa shugabansa Sam Bankman-Fried ɗaurin shekara 25 a 2024. Kafin shi Mt. Gox ta Japan ta rushe a 2014 bayan ɓacewar Bitcoin kusan 850,000. A Fabrairun 2025 ɓarayin intanet suka kwashe kimanin dala biliyan 1.5 daga Bybit, hukumar FBI ta ɗora alhakin a kan Koriya ta Arewa. Darasin shi ne, mai ajiya a kamfani yana dogara da amanar mutanen da bai taɓa gani ba, mai riƙe mabuɗinsa kuma ya ɗauki dukkan nauyin tsaro a kansa. Kowace hanya da haɗarinta, sai mutum ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Inda malamai suka saɓa

Ba a samu magana ɗaya ba a kan asalin hukuncin. Hukumar addini ta Turkiyya ta ce bai dace ba tun 2017, Muftin Masar na lokacin, Shaihu Shauƙi Allam, ya haramta cinikin Bitcoin saboda garari da cutarwa da rashin hukumar da ta tsaya masa. Majalisar Malaman Indonesiya a 2021 ta haramta amfani da shi a matsayin kuɗi, amma ta bar ƙofa ga wanda ya cika sharuɗɗan haja kuma yake da abin da ya dogara a kai. Majalisar shari'a ta hukumar hannun jari ta Malesiya ta halatta cinikinsa a kasuwanni masu rajista a 2020. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Dubai a 2019, ta ce batun yana buƙatar ƙarin bincike.

Masu halattawa suna kafa hujja da cewa asalin mu'amala halas ne, kuma al'adar mutane ce take mayar da abu kuɗi. An ruwaito a Mudawwana cewa Imam Malik ya ce da mutane za su yarda da fatu a matsayin kuɗi, da ya ƙi a sayar da su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri, wato ya ba su hukuncin kuɗi. Kakanninmu ma da wuri suka yi ciniki a Kurmi ɗaruruwan shekaru. Masu haramtawa suna duba hawa da saukar farashi: Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwambar 2021, bayan shekara guda ya faɗo ƙasa da 17,000, a Disambar 2024 ya haura 100,000. TerraUSD, wanda aka ce ba zai rabu da dala ba, ya zama toka cikin kwanaki a Mayun 2022. Wannan saɓani ne na manyan malamai, kowa da hujjarsa, kuma bai kamata ɗalibi ya mayar da shi abin zagi a soshiyal midiya ba. Mutum ya tambayi malamin da ya amince da iliminsa da tsoron Allahnsa, ya kuma yi masa bayanin abin yadda yake, domin fatawa tana bin siffar tambaya.

Inda babu saɓani

Ko a wajen masu halattawa, akwai abubuwan da ba a jayayya a kansu. Duk wanda ya yi alkawarin riba tabbatacciya a kan jari, kashi kaza a wata, to ko dai riba ce ta haram ko damfara, domin a mudaraba ba a lamunce wa mai jari riba. Tsarin da ake biyan na farko da kuɗin na baya cin dukiyar mutane ne da ɓarna, abin da aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana. Wanda ya jawo 'yan uwansa da abokan masallacinsa don ya samu ladan gayyata yana da kaso a zunubin, ko da shi ma daga baya ya yi asara. Ba kamfani aron kirifto don karɓar ƙari riba ce. Cinikin da ake caca a kan hawa ko saukar farashi da kuɗin aro, ba tare da an mallaki komai ba, ya haɗa garari da caca. Zuga wani sabon kuɗi a rukunin Telegram don farashinsa ya tashi a sauke wa na baya shi ne najashin da Annabi (SAW) ya hana, kamar yadda ya zo a Buhari da Muslim. Idan kuma mun ɗauki kirifto a matsayin kuɗi, to canjinsa da naira sai hannu da hannu, bisa hadisin Ubada ɗan Samit.

Tsaron dukiya ma ibada ne, domin kiyaye ta yana cikin manufofin shari'a biyar, kuma Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Kalmomin sirri a rubuta su a takarda a adana inda ake adana takardun gida, kada a ɗauki hotonsu, kada a tura su ta WhatsApp. Babu ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai nemi a faɗa masa su. Mai sayarwa kai tsaye ga wani kada ya saki kaya don ya ga saƙon alat, sai ya buɗe manhajar bankinsa ya tabbatar, kuma ya ƙi kuɗin da suka fito daga asusun da sunansa ya saɓa da na mai saye, don kada a shigo masa da kuɗin sata a rufe masa asusu. A fara tura kaɗan a gwada kafin a tura mai yawa. Kamfanin da za a ba ajiya a duba ko SEC ta san da shi. Kuɗin abinci da na makaranta da dukiyar marayu da ajiyar mutane ba a kai su inda za su iya raguwa da rabi cikin mako.

Gado da zakka

A nan ne muka fi jin tsoro, domin kaɗan ne suke tunaninsa. Idan mai asusun banki ya rasu, magada suna kai takardun kotu a ba su haƙƙinsu. Idan mai walet ya rasu da kalmominsa a ka, dukiyar tana nan a kundi kowa yana iya ganinta, amma babu alƙalin da zai iya fito da ita. A Disambar 2018 shugaban kamfanin QuadrigaCX na Kanada ya mutu a Indiya, aka ce shi kaɗai ne yake da mabuɗan, dubban mutane suka rasa hanyar kuɗinsu, daga baya bincike ya nuna ya riga ya cinye mafi yawansu. Abin da ya faru da kamfani yana iya faruwa da gida. Allah da kansa ya raba gado a Suratun Nisa'i, kuma wanda ya bar matarsa da 'ya'yansa ba su san da dukiyar ba, ko ba su da hanyar kaiwa gare ta, ya tauye musu haƙƙi da sakacinsa. Hadisin Ibn Umar ya nuna bai kamata Musulmin da yake da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Don haka mutum ya rubuta abin da ya mallaka da inda yake, da bashin da ake binsa da ajiyar mutane da ke cikin walet ɗinsa, ya sanar da amintacce inda takardar kalmomin take ba tare da ya ba shi ikon taɓa ta yana raye ba. Shi kuma ɗan da ya fi 'yan uwansa sanin waya ya ji tsoron Allah, domin kwashe walet ɗin mamaci a ɓoye cin dukiyar marayu ne.

Zakka ma ba ta faɗuwa don dukiya ta ɓuya a waya. Malaman da suka ɗauke shi dukiya sun ce idan darajarsa, haɗe da sauran kuɗin mutum, ta kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinariya, kuma shekara ta zagayo, sai a ƙimanta shi da farashin ranar a fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Hukuma ba za ta gani ba, maƙwabci ba zai sani ba, amma haƙƙin talaka yana nan.

Kiranmu ga iyaye shi ne su zauna da 'ya'yansu su tambaye su cikin lalama abin da suke yi da wayoyin nan, domin tsawa ba ta hana komai sai ƙara ɓoyewa. Malamai da limamai su nemi masana su fahimci abin kafin su hau mumbari, jami'o'inmu da majalisun malamai su haɗa masana fiƙihu da na tattalin arziki su fitar wa jama'a matsaya mai hujja. Matasa kuma su tuna cewa ranar ƙiyama za a tambayi kowa ta ina ya samu dukiyarsa kuma ta ina ya kashe ta.

Allah ne mafi sani. Allah ya azurta mu da halas, ya sa albarka a abin da ya ba mu, ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinsa.