Zance a kan Dillancin Caca da Burin Mai Shafi

 

Dalilin wannan rubutu, wani yaro ne ɗan unguwarmu, almajiri mai hazaƙa, ya zo mini bayan sallar la'asar, ya ce, “Yaya, na ji an ce ka taɓa riƙe shafi a intanet kai kaɗai, har ka ci abinci da shi. Ina so ka koya mini yadda mutum ke kafa buri, da yadda ya ke gyara rubutunsa har mutane su yi ta zuwa.” Na tambaye shi wane irin shafi ya ke nufi. Ya sunkuyar da kai, ya ce irin wanda na yi. To, irin wanda na yi shi ne dillancin caca. Na ba shi amsa a zaure, amma na ga ya kamata in maimaita ta a fili, domin na san ba shi kaɗai ne ke wannan tunani ba.

Ku fara sanin yadda sana'ar ta ke, domin da yawanku ba ku taɓa jin sunanta ba, ko da ya ke ta daɗe da shiga gidajenku ta wayar hannu. Kamfanin caca yana bukatar sababbin mutane kullum, gama tsofaffin suna ƙarewa da ƙarewar kuɗinsu. Saboda haka sai ya nemi masu shafuka su zama 'yan kamashonsa. Mai shafi ya rubuta labarin ƙwallo, ya yi hasashen wanda zai ci, ya kwatanta wannan kamfani da wancan, sa'an nan ya sa wani mahaɗi a ƙarƙashin rubutun. Duk wanda ya taɓa mahaɗin ya je ya yi rajista, kamfani ya rubuta cewa wannan mutumin wane ne ya kawo shi. Shi mai karatu bai san an ɗaura masa alama ba, kamar yadda akuya ba ta san tsagar da ke kunnenta ba.

Biyan la'ada kuwa iri biyu ne manya. Na farko, a ba ka kuɗi ƙayyadadde sau ɗaya a kan kowane mutum da ya yi rajista ya zuba kuɗi. Na biyu, a ba ka rabo daga abin da kamfani ya ci a hannun mutanenka, galibi tsakanin kashi 25 da kashi 40 cikin ɗari, wata bayan wata, muddin suna yin cacar. Akwai masu haɗa biyun. Ni na zaɓi na biyu, don an ce mini shi ne gonar da ba ta son noma sau biyu. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi aikin da himma, kuma abin da na koya na tsara aiki gaskiya ne. Mutum in yana aiki shi kaɗai, ba maigida ba mai tsawatarwa, sai ya zama maigidan kansa, in ba haka ba rana ta faɗi bai yi kome ba. Na sami littafi na rubuta buri na shekara, na raba shi wata wata, na raba watan mako mako. Na ɗora wa kaina rubutu uku kowane mako, ran Asabar kuma in koma kan tsofaffin rubuce-rubuce in gyara abin da ya tsufa. Na gane cewa buri in ba shi da lissafi da wa'adi, fata ne kawai. Na gane rubutu ɗaya mai amsa tambayar mai karatu sarai ya fi goma na cika shafi. Na daina kwafo maganar wasu, na riƙa gwada abu da hannuna kafin in rubuta. Na gajarta jimloli, na sa amsa a farko, domin mai karatu a waya ba shi da haƙurin mai karatu a zaure. Duk wannan ya yi amfani. Injin bincike na Google ya riƙa ɗaga shafina sama, mutane suka ƙaru, la'ada ta ƙaru.

To, a nan ne mas'alar ta ke. Kowane buri yana da abin da ya ke ƙirgawa. Manomi yana ƙirga dami, malami yana ƙirga allunan da aka wanke da waɗanda suka sauke. Ni me na ke ƙirgawa a littafina? Na daɗe ina ce wa kaina masu karatu na ke ƙirgawa. Amma layin ƙarshe, wanda idona ke fara faɗawa kansa kowace safiya, la'ada ce, la'adar nan kuwa yanki ce ta hasarar masu karatuna. In na rubuta cewa ina so la'adata ta ninka kafin ƙarshen shekara, ma'anarsa ina so hasarar mutanen da suka amince da ni ta ninka. Babu wata fassara ta biyu.

Almajirai masu son hisabi, ga lissafin, ku bi shi da kanku. A ce wasa ne mai fuska biyu daidai wa daida. Kamfani ya ce wanda ya zuba naira 100 in ya ci za a ba shi 190. Mutum biyu suka zuba, kowa a fuska ɗaya. Naira 200 ta shiga, 190 ta fita, 10 ta zauna wurin kamfani, ko wa ya ci. Watau kashi 5 cikin ɗari ke nan. Wannan a wasa ɗaya. Amma abin da yaranmu suka fi so shi ne doguwar takarda, a jera wasa goma a tikiti guda, don a zuba kaɗan a ci da yawa. Kowane wasa a cikin goman yana yankar nasa kashi biyar. In ka buga 95 cikin 100 a kanta har sau goma, abin da zai rage bai wuce kamar 60 ba. Ashe duk naira 100 da aka zuba a irin wannan tikiti, in an haɗa na kowa da kowa, wajen naira 40 ba ta komowa. In rabona kashi 30 ne, naira 12 a ciki tawa ce. Da na duba littafina sai na ga rubuce-rubucen da suka fi kawo mini kuɗi su ne masu koya wa mutane haɗa doguwar takarda, su ne kuma na fi ƙawatawa, na fi gyarawa. Gwanintata duka ta tafi wajen wasa wuƙar da ake yanka su da ita.

Abin da ya farkar da ni wani wata ne da ɗaya daga cikin mutanena ya ci kuɗi mai yawa. A ƙa'idar kamfanin da na ke wa aiki, in mutanenka sun ci fiye da abin da aka ci a hannunsu, lissafinka ya koma bashi, kuma bashin ya bi ka zuwa watan gaba, ba ka samun kwabo sai an cike gurbin. Na buɗe kwamfuta na ga haka, sai na ji raina ya ɓaci, na ji ina fata wannan bawan Allah ya komo ya zubar da abin da ya samu. Ya kuwa komo. Cikin mako kaɗan ya mayar da shi duka har da ƙari, lissafina ya miƙe, na ji sanyi a zuciya. Da dare ina kwance na tuna da wannan sanyi, barci ya gagare ni. Mutumin da ban taɓa gani ba, wanda ya karanta rubutuna ya yarda da ni, ga shi ina murna da faɗuwarsa. Wataƙila kuɗin makarantar 'ya'yansa ne, wataƙila jarin matarsa. Ban sani ba, kuma sana'ar an gina ta ne yadda ba zan taɓa sani ba.

Na san uzurin da masu wannan aiki ke kawowa, gama ni ma na kawo su duka. Na farko, su ce ba su tilasta kowa ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya share hanya, ya kunna fitila, ya tsaya bakin ƙofa yana kira, ba ya cewa ba ruwansa da abin da ke cikin ɗakin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, a sashe guda da sauran abubuwan da ke kama mutum ya kasa bari. Wanda cuta ta kama, zaɓinsa ya raunana, kuma irinsa ne ya fi kawo la'ada, domin shi ne ba ya tashi.

Na biyu, su ce su masu gaskiya ne, suna nuna wa mutane kamfanin da ke biya da wanda ke cin amana, har suna sa gargaɗi a ƙasan shafi. Ni ma na sa gargaɗin, da ƙananan baƙaƙe. Amma ku tambaye su, akwai wanda ya taɓa ɗora kamfanin da ba ya ba shi kome a saman jerinsa? Akwai wanda ya rubuta a farkon shafi cewa mafi alheri ga mai karatu kada ya zuba ko sisi? Shawara mafi gaskiya a wannan fage ita ce wadda ke rufe shagon mai ba da ita. Alƙalin da ke cin abinci a gidan ɗaya daga masu shari'a, kome adalcinsa, hukuncinsa abin tuhuma ne.

Na uku, su ce in ba su yi ba wani zai yi. Wannan uzuri ɓarawon zaune ma yana da shi.

Ko da mun ajiye zancen lahira, mu dubi duniyar kawai, wanda ya ɗora rayuwarsa a kan wannan sana'a ya yi gini a filin wani. A shekarar 2017 kamfanin Sky Bet na Ingila ya rufe tsarinsa na 'yan kamasho, mutanen da suka yi shekaru suna tara masa jama'a suka wayi gari la'ada ta yanke. A 2018 ƙasar Italiya ta kafa dokar hana tallar caca. Google kuma tun daga 2022 ya yi ta sauya ma'auninsa na rubutu mai amfani, sauyin 2023 da na 2024 suka kayar da ƙananan shafuka masu yawa. A nan Nijeriya, a watan Nuwamba na 2024, Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce ikon tsara wannan al'amari na jihohi ne, watau kowace jiha da nata hukunci. Mai shafi shi kaɗai ba shi da murya a ɗaya daga cikin waɗannan majalisu. Zanen aro ba ya rufe katara.

Hukuncin caca a addini ba ni zan koya wa malamai ba. Kun san an ambace ta tare da giya a Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida, kun kuma san la'adar dillali tana bin hukuncin cinikin da ya ƙulla. Abin da na ke roƙonku shi ne ku san sabuwar rigar da ta sa. Da can mun san ɗan caca da karta a bayan kasuwa, ana nuna shi da baki. Yau dillalinta yaro ne mai ladabi, yana zaune a ɗakin uwarsa da kwamfuta, yana sahun farko a masallaci, in an tambaye shi ya ce rubutu ya ke yi a intanet. Sau da yawa shi kansa bai zauna ya bi kuɗin zuwa tushensu ba. Tsinuwa daga kan mumbari ba za ta same shi ba, domin bai ɗauka da shi ake ba. Ku zaunar da shi, ku yi masa lissafin naira ɗarin nan, ku tambaye shi daga aljihun wa sha biyunsa ta fito.

Ga abin da na gaya wa yaron nan a ƙarshe. Na ce, “Ƙanena, duk abin da ka roƙa zan koya maka, littafin buri, da rabon mako, da gyaran rubutu, ba zan rage kome ba. Amma kafin ka rubuta lamba ko ɗaya a littafin, ka rubuta wannan tambaya a shafin farko: in na cim ma burina, mai karatuna ya ƙaru ko ya ragu? In amsar ita ce ya ƙaru, ka ɗaura ɗamara. In ya ragu, to, iyakar ƙwazonka iyakar ɓarnarka.”

Ni dai na rufe wancan shafi. Na sha wuya wata da watanni, har na sayar da babur ɗina, kuma har yau samuna bai kai na da ba. Yanzu ina rubutu a kan gyaran waya da sanin kayan lantarki na hasken rana, da littafin nan guda, da tsarin nan guda, rubutu uku a mako, gyara ran Asabar. Ina karɓar la'ada in wani ya sayi kaya ta hanyata, ina kuma faɗa a fili cewa ina karɓa. Bambancin shi ne wanda ya saya yana komawa gida da abu a hannunsa, in mun haɗu a hanya ina iya duban idonsa.

Abin da ya rage mini shi ne nauyin waɗancan mutane da ban san sunayensu ba, balle in nemi gafararsu. Ina roƙon malamai su sa ni a addu'a, su kuma ba ni fatawa a kan abin da na riga na ci. Allah ya tsare mu da 'ya'yanmu, ya ba mu abinci na halal, ya sa mu gama lafiya. Wassalam.