Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ƙwadago: Ƙarar Injina Tana Cinye Kunnuwan Ma'aikata



Mahaifina ya yi shekara 22 a gaban injin saƙa a wata masaƙa a Kano. Yau idan liman ya yi kabbara, sai ya dubi na kusa da shi kafin ya san an tafi ruku'u. Jikokinsa sun daina kawo masa labari don sun gaji da maimaitawa. Da daddare yakan ce mini akwai gyare a kunnensa, kuma gyaren ba ya yin shiru. A duk shekarun da ya yi a wurin, kamfanin bai taɓa auna ƙarar ɗakin da yake aiki ba, bai taɓa auna jinsa ba, bai taɓa miƙa masa ko abin toshe kunne ba. Da auduga da tsumma ma'aikata suke toshewa.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa wannan ciwo yana da ma'auni. Masana lafiyar ma'aikata sun tsayar da ƙarar da ta kai desibel 85 a matsayin iyakar abin da kunne zai ɗauka a aikin awa 8. Duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: a 88 awa 4 ne, a 100 minti 15 kacal. Ɗakin saƙa kan haura 90 cikin sauƙi, mutum kuma ya wuni a ciki. Ko babu na'ura ana iya ganewa: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, ƙarar ta wuce kima. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon koɗi, cike da ƙwayoyin halitta masu 'yan gashi siri-siri. Ƙara tana kashe su kaɗan-kaɗan, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu jini, babu zafi, shi ya sa ba wanda ke rugawa asibiti. Siraran sautuka ne ke fara ɓacewa, sai mutum ya riƙa jin murya amma ba ya rarrabe kalmomi, iyalinsa su ce ya zama mai taurin kai.

To wa ke aunawa? A unguwannin masana'antu na Kano, Sharaɗa da Bompai da Challawa, wa ke aunawa? A kamfanonin robobi da na casar shinkafa, wuraren fasa dutse da yankan katako, da ɗakunan janareta inda ake ajiye yaro ya kwana yana gadi, wa ke shiga da na'ura ya ce wannan ƙarar ta yi yawa?

Ban manta alherin da aka yi ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ambaci lalacewar ji a cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu, kuma an ɗora wa masu kamfanoni zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. A 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 187 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiyar ma'aikata. Wannan abin yabo ne, kuma ma'aikatarka tana da hannu a ciki. Amma da wace takarda lebura zai nemi diyya, alhali ba a auna kunnensa ranar da ya kama aiki ba, ba a auna ranar da aka sallame shi ba? Sai a ce masa tsufa ne. Har yanzu kuma da Dokar Masana'antu ta 1987 ake aiki, wadda tarar da ke cikinta ba ta kai kuɗin man janaretan yini ɗaya ba. Wane mai kamfani ne zai ji tsoronta?

Akwai sauran illoli: hawan jini, rashin barci, saurin fushi a gida, da haɗarin da ke afka wa wanda bai ji an yi masa ihun ya kauce ba. Akwai ƙura da sinadarai da aikin dare. Na bar su zuwa wani lokaci.

Abin da nake roƙo a hannunka yake. Ka tura sufetocin masana'antu da na'urar auna ƙara, ba tare da sanarwa ba. A tilasta gwajin ji lokacin ɗaukar aiki da kuma duk shekara, a ba ma'aikaci kwafin sakamakonsa ya riƙe. A killace injinan da suka fi ƙara, a raba abin toshe kunne kyauta, a bayyana haƙƙin diyya da Hausa a rediyo. Ka matsa wa Majalisa a kan sabuwar dokar da za ta maye gurbin ta 1987, wadda ta daɗe tana jira. Mulki amana ne, ranka ya daɗe, kuma kowane wata da aka yi ba a auna ba, akwai samarin da jinsu ke raguwa a ƙarƙashin kulawarka, za kuma a tambaye ka.

Ƙanena ya kama aiki a wani kamfanin robobi watanni 7 da suka wuce. Shekararsa 24. Makon jiya na kira sunansa sau uku daga bakin zaure kafin ya juyo.

Wassalam.